MAN GYAƊA DA SAURAN MAN TSIRO A INJIN DIZAL

GABATARWA

Manoma da yawa yanzu aikinsu ya rataya a wuyan inji. Akwai mai injin niƙa, akwai mai injin casar shinkafa ko sussukar masara, akwai mai babban injin ban ruwa, ga kuma ƙungiyoyin da suka haɗa kuɗi suka sayi tarakta. Yawancin waɗannan injuna man dizal suke sha, watau wanda direbobi ke ce wa gas, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su ce gazuwal. A shekarar 2022 kuɗin wannan mai ya ninka fiye da sau biyu a Nijeriya. A ƙauyukan da ke nesa da titi kuwa, wani lokaci ko da kuɗinka a hannu sai ka rasa inda za ka saya, ga alkama ko tumatir na neman ruwa.

Saboda haka ne manoma ke yawan tambayar malaman gona: shin gaskiya ne injin dizal yana aiki da man gyaɗa? Amsa ita ce i, yana yi. Amma akwai sharuɗɗa, wanda ya ƙi bin su kuwa zai kashe injin da ya sha wahala kafin ya mallaka. Wannan 'yar takarda za ta bayyana irin injin da ke karɓar wannan mai, da yadda ake shirya man, da yadda ake aiki da shi, da kuma lissafin da ya kamata ka yi tun kafin ka fara. Duk man da ake matsowa daga 'ya'yan shuke-shuke, kamar na gyaɗa, da angurya, da riɗi, da bini-da-zugu, za mu riƙa kiransa man tsiro.

ABIN YA DAƊE

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago wannan inji, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Injinsa na farko da ya yi aiki sosai an gama shi a shekarar 1897. A shekarar 1900, a wani babban baje koli da aka yi a birnin Faris, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da zallar man gyaɗa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana so ƙasashen Afirka da take mulka a lokacin, waɗanda ke noman gyaɗa, su riƙa samun man inji daga gonakinsu. A shekarar 1937 kuma wani masani a ƙasar Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya koma mai marar kauri, har aka tuƙa motar safa da shi a shekarar 1938. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da mai ya yi wuya, ƙasashe da dama sun zuba man tsiro a injunansu.

To me ya sa aka bari? Dalili biyu ne. Na ɗaya, man da ake haƙowa daga ƙasa ya fi araha. Na biyu, masu ƙera injuna sun yi ta gyara su yadda za su dace da man dizal, wanda ya fi man tsiro tsinkewa nesa ba kusa ba. Nan ne matsalar take.

YADDA INJIN DIZAL KE CIN MAI

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsin wuta. Injin dizal ba shi da irin wannan fulogi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 16 na girmanta ko ma ƙasa da haka. Matsin nan yana sa iskar ta yi zafi ƙwarai, fiye da digiri 500. A daidai wannan lokaci famfon mai zai tura ɗan mai da ƙarfi ta 'yar ƙaramar kafar nozul, ya fito kamar hazo, ya gamu da iska mai zafi, nan take ya kama da wuta.

Ka tuna da famfon feshin da kake goyawa a gonar auduga ko ta wake. In ka zuba ruwa da magani, yana fita kamar raɓa, ya game ganye duka. In kuwa koko ka zuba, sai dai ya riƙa ɗiga ko ya yi tsartuwa. Haka nozul yake. Man gyaɗa ya fi dizal kauri kamar sau goma. Idan aka tura shi da sanyinsa, ba ya fita kamar hazo, sai manyan ɗigo, manyan ɗigo kuwa ba sa ƙonewa duka.

Kana iya gwada wannan da kanka. Sami gwangwanin madara, ka huda gindinsa da ƙusa. Cika shi da dizal, ka ƙirga lokacin da zai ɗauka kafin ya tsiyaye. Sake cika shi da man gyaɗa ka ƙirga. Sa'an nan ka ɗumama man gyaɗan a wuta ka sake gwadawa. Za ka ga da idonka yadda zafi ke tsinka shi.

ƁARNAR DA KAURI KE JAWOWA

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, ranar farko inji zai yi aiki lafiya lau, har ƙamshin tuya ya riƙa fita ta salansa. Ɓarnar a hankali take zuwa, bayan makonni ko watanni. Ga yadda take faruwa:

1. Man da bai ƙone ba yana daskarewa ya zama gawayi a bakin nozul. Feshi ya ƙara lalacewa, hayaƙi ya yawaita, ƙarfin inji ya ragu.

2. Gawayin nan da danƙo suna shiga ramukan ringi su liƙe shi. Ringin da ya liƙe ba ya riƙe iska, sai inji ya riƙa wuyar tashi da safe.

3. Man da ya rage yana zurarewa ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai. Dizal in ya shiga can, zafi yana sa wani kashi nasa ya tashi. Man tsiro ba ya tashi, taruwa yake yi. Bayan wani lokaci sai ya haɗu da baƙin mai su yi kauri kamar kunun kanwa da ya kwana, wani lokaci har kamar danƙo. Baƙin mai ya daina zagayawa, inji ya buga. Wannan ita ce ɓarna mafi tsada.

4. Datti da ruwa da danƙon da ke cikin man da ba a tace ba suna toshe filta, suna kuma cinye famfon mai.

Duk dokokin da za su biyo baya, manufarsu ita ce a hana waɗannan abubuwa huɗu.

INJIN DA YA DACE DA WANDA BAI DACE BA

Da farko, kada ka kuskura ka zuba man tsiro a injin fetur. Yawancin ƙananan injunan ban ruwa na fadama, masu tiyo inci biyu ko uku, na fetur ne. Haka babur da ƙaramin janareta. In ka ga fulogi da kafireto, to wannan takarda ba da injinka take ba.

Injin da ya fi haƙuri da man tsiro shi ne tsohon samfuri mai silinda ɗaya, mai juyawa a hankali, irin na kamfanin Lister na Ingila da waɗanda ake ƙerawa a Indiya bisa fasalinsa. Mai ƙarfin doki 6 yana juyawa sau 650 ne kawai a minti ɗaya, saboda haka mai yana samun lokacin ƙonewa. Irin waɗannan injuna kuma suna da wani ɗan gurbi a kan silinda, inda mai ke fara cin wuta yana cuɗanya da iska kafin ya isa kan fistin. Wannan gurbi yana taimaka wa mai mai kauri ƙwarai.

Injunan niƙa na ƙasar Sin masu silinda ɗaya suna juyawa wajen sau 2,000 a minti. Wasunsu suna da wannan gurbi, wasu kuwa kai tsaye suke fesa mai a kan fistin. Tambayi bakanikenka ya gaya maka irin naka. Mai fesawa kai tsaye ya fi saurin tara gawayi, kada a ba shi man tsiro zalla da sanyi.

Sababbin taraktoci da motoci da janaretoci masu aiki da kwamfuta, waɗannan kada a gwada ko kaɗan. Kafofin nozul ɗinsu sun yi ƙanƙanta ƙwarai, gyaransu kuma da tsada. Haka nan in injinka sabo ne, yana cikin wa'adin garantin kamfani, ko kuwa na bashi ne ba ka gama biya ba, ka sani zuba wani mai dabam yana iya soke garantin.

IRE-IREN MAI

Man gyaɗa. Ƙwayar gyaɗa kashi 45 zuwa 50 cikin 100 mai ce, man kuma yana ƙonewa da kyau. Illarsa ita ce abinci ne mai daraja a kasuwa.

Man riɗi da man waken soya. Su ma abinci ne. Riɗi kusan rabinsa mai ne, amma ya fi gyaɗa tsada. Waken soya kashi 18 zuwa 20 ne kawai, man nasa kuma ya fi na gyaɗa saurin yin danƙo.

Man angurya. Angurya tana da mai kashi 15 zuwa 20. Ɗanyensa baƙi-baƙi ne, yana da danƙo da yawa, sai an tace shi sosai.

Manja da man kaɗanya. Suna daskarewa in an yi sanyi. Da hunturu za su yi barci a cikin bututu su hana inji tashi. Ba a amfani da su sai da kayan ɗumamawa.

Man zurma, wadda wasu ke ce wa cika-gida. Ya fi man gyaɗa kauri sau shida ko fiye. Kada a zuba shi a inji.

Man dogon yaro. Ba a cin sa, ga itatuwan ko'ina. Amma yakan zo da danƙo da tsami mai yawa. Ya fi amfani wajen kare wake daga ƙwari a ajiya da kuma yin sabulu.

Man bini-da-zugu. Ba a cin sa, don guba ne, shi ya sa ba ya gasa da tukunyar miya. Za mu yi bayaninsa a gaba.

Ragowar man suya, irin na masu ƙosai da awara da kifi. Yana da araha, amma cike yake da gishiri da ruwa da ƙonannen gari. Wanda ya yi baƙi ƙirin ko yake wari, tsaminsa ya yi yawa, yana cin ƙarfe. A bar shi.

YADDA AKE SHIRYA MAN

1. Zuba man a jarka ko durom mai tsabta mai murfi, ka ajiye a inuwa mako ɗaya zuwa biyu ba tare da motsawa ba. Datti da ruwa da danƙo za su kwanta a ƙasa.

2. Tsiyaye na sama a hankali. Na ƙasan a ba mata masu sabulu.

3. Ɗumama man kaɗan, ka tace da ƙyallen auduga mai ƙaramin ido, ninki biyu ko uku. Bayan haka, in da hali, a sake bi da shi ta sabuwar filtar dizal.

4. Gwada ko akwai ruwa. Ɗora kasko a wuta ya yi zafi, ka zuba cokali ɗaya na man. In ya yi tsit, babu ruwa. In ya riƙa fashe-fashe da tartsatsi, akwai ruwa. Sai a ɗora man a wuta marar ƙarfi har kumfa da ƙara su daina, a bari ya huce. A yi wannan a fili, nesa da yara da ɗakin ciyawa.

5. Ajiye tataccen mai a jarkar roba ko ta baƙin ƙarfe, a cike, a rufe, a inuwa. Tagulla da jan ƙarfe da kwano mai ruwan tutiya suna sa man tsiro saurin lalacewa. Kada ka ajiye fiye da abin da za ka ƙarar cikin 'yan watanni.

HANYA TA FARKO: GAURAYAWA

Wannan ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ta dace da lokacin da dizal ya yi ƙaranci. Ana zuba man tsiro kashi ɗaya, dizal kashi huɗu. Watau in kana son lita 20, sai ka haɗa lita 4 na man tsiro da lita 16 na dizal. A haɗa su a jarka a girgiza sosai kafin a zuba a tanki. In ka zuba su ɗaya bayan ɗaya a tanki, man tsiro ya fi nauyi, zai iya kwantawa ƙasa, inji ya ja shi zalla.

Kada ka wuce wannan ma'auni in ba ka da kayan ɗumamawa. Da hunturu ma ka rage ya koma kashi ɗaya cikin goma. Wanda zai fara, ya fara da kaɗan ya ga yadda injinsa zai karɓa.

HANYA TA BIYU: TANKI BIYU

Wanda ke da man tsiro mai yawa, yana kuma da irin injin da ya dace, shi ne zai bi wannan hanya. Ana bukatar bakanike ya ƙara tanki na biyu, da makunni mai hanya biyu, da filta ta musamman don man tsiro, da bututun ɗumamawa.

Ana so mai ya kai zafin digiri 70 zuwa 80 kafin ya shiga famfo, watau zafin da hannu ba zai iya riƙe bututun ba, amma bai kai tafasar ruwa ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bi da bututun ƙarfe ta cikin ruwan zafin da ke sanyaya inji. A injin Lister, sai a naɗe shi a jikin bututun da ruwan zafi ke fita zuwa durom. A injin da ke da tukunyar ruwa a kansa, sai a lanƙwasa bututun ya nutse cikin tukunyar. Wasu kan naɗe shi a salansa, amma zafin salansa ba shi da ma'auni, yana iya ƙona man a cikin bututu. Bakanike ya kuma lura da ɗan siririn bututun da ke mayar da rarar mai daga nozul, kada ya riƙa zubar da man tsiro cikin tankin dizal.

Ga yadda ake aiki kullum:

1. Tada inji da dizal.

2. Ɗora masa aiki, ka bari ya yi zafi sosai, kamar minti 10 zuwa 15.

3. Juya makunni zuwa man tsiro.

4. In saura minti 5 zuwa 10 ka tashi, mayar da makunni kan dizal don ya wanke famfo da nozul.

5. Kashe inji. Gobe da safe dizal ne a bututu, zai tashi ba gardama.

Abin lura: man tsiro yana son inji mai ɗauke da kaya. In babu niƙa, ko ruwan rijiya ya janye, kada ka bar inji yana ta juyawa haka kawai a kan man tsiro, don a lokacin ne silinda ke hucewa, gawayi ya taru. Mayar da shi kan dizal ko ka kashe.

KULA DA INJI

Duba ma'aunin baƙin mai kowace safiya kafin ka tada inji. Baƙin mai raguwa yake yi a al'ada. In ka ga yana ƙaruwa ba kai ka ƙara ba, to man tsiro ne ke gangarawa ciki. Tsaya, ka juye shi, ka kira bakanike ya duba nozul da ringi.

Riƙa yin juye sau biyu a inda da kake yin sau ɗaya. In littafin injinka ya ce bayan awa 200, kai ka yi bayan awa 100. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta awoyin aiki da ranar juye, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka.

Sa bakanike ya riƙa kwance nozul yana duba bakinsa a kai a kai, musamman a watan farko. Ajiye filta ta ko-ta-kwana. Duba tiyon roba, don man tsiro yana sa wasu robobi su kumbura su yi laushi.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, koma kan dizal zalla nan da nan: wuyar tashi, hayaƙi fari ko baƙi fiye da na kullum, raguwar ƙarfi, canjin ƙarar inji, ko baƙin mai ya yi yauƙi. Rigakafi ya fi magani.

BINI-DA-ZUGU

Wannan itace sananne ne a ƙasar Hausa, da shi ake shinge don dabbobi ba sa cin sa. 'Ya'yansa suna da mai kamar kashi ɗaya cikin uku, amma da ƙaramin injin matsa sai an matse kilo 4 zuwa 5 kafin a sami lita ɗaya. A ƙasar Mali an fara gwada man nasa a injuna irin na Lister tun shekarar 1987 da taimakon Jamus, an kuma yi niƙa da ban ruwa da shi a ƙauyuka.

Wajen shekarun 2007 zuwa 2010 an yi ta zuzuta shi a ƙasashe da yawa, ana cewa zai yi 'ya'ya birjik ko a fako. Aka shuka manyan gonaki a Indiya da ƙasashen Afirka, yawancinsu suka durƙushe. Itacen yana rayuwa a fako, gaskiya ne, amma ba ya 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki, kuma sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya kankama.

Shawararmu ita ce kada ka ba shi gonar da kake samun gero ko dawa. Dasa shi a shinge, ta hanyar yanka rassa a kafa farkon damina. Shingen zai kare gona daga dabbobi da zaizayar ƙasa, 'ya'yan kuma su zama riba. Shingen mutum ɗaya ba zai ciyar da inji ba, sai dai ƙungiya ta haɗa. A hana yara cin 'ya'yan, suna jawo amai da zawo mai tsanani. Tunkuzarsa kada a ba dabba, a kai ta gona, taki ce mai kyau. Injin da aka matse shi kada a matse gyaɗar ci da shi, jarkarsa kuma a yi mata alama.

BAYODIZAL

Akwai hanyar raba man tsiro da kaurinsa gaba ɗaya, irin wadda Chavanne ya fara. Ana haɗa mai kashi biyar da wani sinadari mai suna metanol kashi ɗaya, da 'yar sodar sabulu, a ɗumama zuwa digiri 55 ana motsawa kamar awa ɗaya. In ya kwanta sai ya rabu biyu. Na ƙasa, mai kauri, shi ne gilisarin. Na sama in an wanke an busar, shi ne bayodizal, kaurinsa kusan daidai da na dizal. Ƙasar Indunusiya, mai arzikin manja, a shekarar 2023 ta kai gaurayen bayodizal a dizal ɗin da ake sayarwa kashi 35 cikin 100.

Wannan aikin masana'anta ne, ko ƙungiyar da ta sami horo da kayan kariya. Metanol guba ne, 'yan cokula suna makantar da mutum ko su kashe shi, yana shiga jiki ta fata da numfashi, ga saurin kama wuta. Kada a gwada a tsakar gida.

WASU ABUBUWAN DA AKE ZUBAWA

Kananzir ba shi da santsin da famfon mai ke bukata. In aka yi aiki da shi zalla, famfo da nozul za su cinye kansu. Fetur a injin dizal haɗari ne ga inji da mai inji. Tsohon baƙin mai da aka juye cike yake da garin ƙarfe, hayaƙinsa kuma yana cutar da huhu. Dizal ɗin bakin hanya da ba a san asalinsa ba, sau da yawa gauraye yake da ruwa ko kananzir. Araha ba ta ado.

Inda ake tara kashin shanu a rufaffen rami ana samun iskar gas ta girki, ana iya bi da iskar ta hanyar da inji ke shaƙar iska. Inji zai rage shan dizal ƙwarai, amma lalle a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar na dizal, don shi ne ke kunna wutar. Wannan ma aikin gwani ne.

YI LISSAFI KAFIN KA FARA

Man tsiro bai kai dizal ƙarfi ba. Aikin da lita 10 ta dizal za ta yi, sai an ba shi kusan lita 11 ta man tsiro. Ga misali, a ce litar dizal naira 1,000 ce a garinku. Lita 10 ta kama naira 10,000. In litar man gyaɗa naira 2,000 ce, lita 11 ta kama naira 22,000. Ka ga wanda ya sayar da lita 5 ta man gyaɗansa ya sayi dizal ɗin da zai yi aikin, lita 6 kuma ta rage masa. A wannan misali, sai litar man tsiro ta gaza naira 900 kafin a fara maganar riba, ba a ma sa kuɗin ƙarin juye da filta ba. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai. Sa na kasuwarku ka lissafa da kanka. Kada ka ce ai gyaɗar daga gonarka ta fito, kyauta ce. Kuɗin da za ta yi a kasuwa shi ne kuɗinta.

Saboda haka man tsiro yana da amfani a hali biyu. Na farko, ranar da dizal ya yanke, amfanin gona kuma yana neman ƙonewa. Ran nan lita 4 ta tataccen man gyaɗa a cikin lita 16 ta dizal tana iya ƙara maka awoyin ban ruwan da za su ceci shukarka. Na biyu, inda ake da man da ba a ci, kamar na bini-da-zugu, da ƙungiyar da za ta iya tara shi ta tace.

A TAƘAICE

1. Man tsiro na injin dizal ne kaɗai, tsohon samfuri mai juyawa a hankali ya fi dacewa.

2. A bar mai ya kwanta, a tace, a raba shi da ruwa.

3. In gaurayawa ce, kashi ɗaya cikin biyar, kada a wuce.

4. In zalla ne, sai da tanki biyu da ɗumamawa. A tada da dizal, a kashe da dizal.

5. A duba baƙin mai kullum, a ninka yawan juye.

6. A yi lissafi, kada garin neman ƙiba a samo rama.

In kana neman ƙarin bayani, ka ga malamin gona na yankinku, ku tafi tare da bakaniken da ya san injinka. In kun karanta wannan takarda a taron ƙungiya, ku kawo gwangwani da ƙusa ku yi gwajin kauri a gaban kowa. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a noma.